Wa Ya Yi Miki Magana Ranar Talata?

Zuwa ga sanyin idona, raɓar safiya a kan ganyen zuciyata, inuwar da nake nema in rana ta take, Gimbiyar Harara, wadda in ta ɗaga gira ɗaya sai haddar izu biyar ta zube mini daga ka!

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawan yashin rafi, mai taushin audugar da aka shiɓe. Bayan haka, ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, ki kuma ajiye duk abin da ke hannunki, musamman in ludayi ne ko takalmi.

Ni ne aljanin.

Wallahi ni ne. Ni ɗin nan, yaron Kawu mai gyaran famfo, wanda babanki ke kira Shaƙiyyi tun ranar da na ɗaure wa akuyar mai gidan haya ɗankwali. Muryar da ta yi wata biyu tana miki magana daga bango, duk bayan la'asar in kin tsuguna wanke-wanke, tawa ce. Lokacin da muka canza wa gidan nan bututun ruwa, akwai wani tsoho da Kawu ya ce a bar shi cikin bango tunda ba ruwa a ciki. Bakinsa ɗaya na ƙarƙashin famfonku, ɗayan ya ɓullo a ɗakin da muke ajiye kayan aiki. Duk mai sana'armu ya san mataccen bututu yana ɗaukar murya, da shi muke kiran juna daga bene zuwa ƙasa. To kin san halina. Na ga bututu, na gan ki, sai shaiɗan ya ce mini bismillah.

Kin tuna ranar farko? Na kumbura murya kamar bijimi na ce, ke 'yar Adam, kin bar maiƙo a gindin tukunya. Na riƙe ciki ina jiran ihu. Ina jiran ki watsar da kwanuka ki shige ɗaki da takalmi ɗaya. Me kika yi? Kika ɗebi ruwan kumfa cike da kofi kika ɗura a bututun! Bakin bututun na wajenku ya fi namu tudu, ya ke hasken rayuwata, ni kuma bakina yana manne. Kwana biyu ina gyatsar sabulu. Daga nan kika ce in aljani ne mai zuciya ya fito ya taya ki ɗauraya.

A wannan minti na faɗi, ban kuma tashi ba har yau. Wace irin yarinya ce wannan, mai taushin furen kabewa da zuciyar zaki? Na koma washegari don in rama, na sake komawa don in ji dariyarki, wadda ke zuwa mini ta cikin ƙarfe kamar ruwan farko a kan kwanon rufi. Daga baya ban san don me nake komawa ba. Kika riƙa ba ni labarin jarrabawar da ke gabanki, da malamar lissafin da kike tsoro, da yadda kike son ki zama mai duba idanun mutane a asibiti. Ranar da kika yi kuka don an ce kin cika rawar kai, na rasa abin da aljanin kirki zai ce, sai na ce miki ni ma a ƙasarmu ana zagina, wai ina tsoron kyankyaso. Kika yi dariya har kika shaƙe. A waje kuwa, in mun haɗu a bakin ƙofa, harara kike mini ki wuce, ni ma in ja miki jakar makaranta in gudu. Sau nawa na buɗe baki a bututun nan zan faɗi abin da ke cina? Sau nawa na fasa, na koma wasa? Ni da ba na jin kunyar kowa a unguwar nan!

Na san na cuce ki. Matar direba da ke haya a gidan nan ta gan ki kina hira da bango, ta kai wa Ummanki, yanzu gida duk ya ɗauka wai iska ta shige ki. An yi tofi, an yi hayaƙi, kuma Yayata ta ce mini jibi Asabar za a kai ki wurin gwaggonki a wani gari, ki bar makaranta, saura sati uku jarrabawa. Wasana ne zai ci miki shekara guda ta karatu, ya kuma raba idona da ke.

Amma ba wannan kaɗai ya hana ni sukuni ba, ya ke tauraruwata. Ki taimake ni da lissafi, tunda ke ce 'yar boko, ni allo kawai na sani.

Ranar Litinin da safe Kawu ya gaji da ɓerayen da ke biyo bututun nan suna cin robobinmu. A gabana ya kwaɓa siminti ya cusa a bakinsa na ɗakinmu, tsawon hannu guda, ni na miƙa masa ruwa ma, zuciyata na kuka. Daga nan muka tafi aikin tanki a bayan gari, ba mu dawo ba sai jiya Laraba. Na shigo na tarar da Yaya tana wanke hannu, ta gama miki kitso. Take ce mini, kai Shaƙiyyi, ƙawar faɗanka ta haukace da gaske, wai ranar Talata aljaninta ya ce yana son ta, ita kuma ta ce ta amince.

Talata! Ranar Talata ina cikin tanki har wuya, ina kankare gansakuka, Kawu na zagina daga sama. Mutum shida ne shaidata. To wa ya yi magana? Ta ina ya yi ta, bututu a toshe? Wane marar kunya ne ya ari muryata, ya zauna a gurbina, ya faɗi cikin yini ɗaya abin da na kasa faɗi cikin wata biyu? Kuma ke, ruwan sanyin raina, wa kika ce wa kin amince?

Na zargi kowa. Na zargi ɗan mai shago, amma shi muryarsa kamar ta zakaran da bai gama koyon cara ba. Na zargi Yaya, ta rantse har da ɗaga tsintsiya. Sai na ce ko ke ce? Ko tun ranar ruwan kumfa kin gane ni, kika yi shiru kina kallona ina wahalar da maƙogwaro, yanzu kuma kika ƙirƙiri Talata don ki fito da ni daga rami? In haka ne, na sara miki, kin fi ni iya shege, kuma son da nake miki ya ninku. Har na fara murna da wannan tunani.

Sai ɗazu da azahar, rana tsaka, na shiga ɗakin kaya. Na ƙwanƙwasa simintin da sifanar kwance bututu, ya bushe ƙam kamar dutse. Na ce bari in kara kunne, don dai raina ya kwanta. Gimbiya, na ji numfashi. Bayan numfashin na ji muryar bijimin nan, tawa, wadda ni na ƙirƙira da bakina, ta ce mini: ka makara.

Ban san lokacin da na fito ba. Goshina yana nan da ƙulu, ƙofa ce shaida. Na karanta duk abin da na haddace, wasu ayoyin ma sau biyu don ruɗewa. Kawu ya ce rediyon maƙwabta ne, ko kuma yunwa. Wataƙila. Amma wane rediyo ne ya san na makara? Shin in mutum ya daɗe yana kwaikwayon abu, abin yakan ji ya zo? Shin yanzu kishi nake da aljani, ko da kaina? In shi ne ni, me ya sa nake jin kamar in shaƙe shi? In ba ni ba ne, me ya sa ya san sirrin da ko Yaya ban gaya wa ba? Kaina ya ɗaure, ya ke farin watana, ɗaurin da ko Kawu ba shi da sifanar kwance shi.

Abu ɗaya ne ban ruɗe a kansa ba. Gobe bayan an sauko daga masallaci zan je shagon babanki, in tsaya gaban keken ɗinkinsa, in ce masa 'yarsa lafiyarta ƙalau, ni ne na yi wata biyu ina magana ta bango. Zan yi masa muryar a gaban kowa don ya tabbatar. Na san akwai mari, na san Kawu zai iya korata, na shirya kumatuna duka biyu. In ya tambaye ni Talata, zan ce ita ma ni ne. Ƙarya ce, Allah Ya yafe mini, ke kaɗai kika san ƙarya ce. Amma in na bar ko yini ɗaya a hannun aljani, da wannan yinin za su saka ki a mota.

Roƙona biyu ne. Na farko, kada ki ƙara tsugunawa kusa da bututun nan, ko ya kira ki da murya mai zaƙin zuma, ki kai kwanukanki tsakar gida inda mutane suke. Na biyu ya fi nauyi. Abin da aka gaya miki ranar Talata ba ni na faɗa ba, amma gaskiya ne. Ina son ki. Ga shi da tawadata, da mummunan rubutuna, ba bango a tsakani. Amincewar da kika ba wancan, ko waye shi, ki karɓo ta. In tawa ce, ki ba ni da bakinki, ido da ido, ko da bayan marin ne. In kuma ba tawa ba ce, duk da haka zan je shagon.

Naki, da muryata ta gaskiya, yau da gobe da ranar da haƙorana za su zube,

Shaƙiyyi, ɗan Adam tsantsa.