Sunan Marigayi Dobri a Rukunin Sito

Plovdiv, Litinin

'Yata Tsvetelina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan birnin Sofia bai cinye ki ba. Innarki tana gaishe ki, ta ce kin rame a hoto.

Manhajar horon nan taku ta sa ni gaba. Mu shida masu tuƙa motar ɗaga kaya a sito mun gama darasin kiyaye haɗari, har ni da nake danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Amma takardar shaida ta ƙi fitowa, wai sai shugaban rukuni ya amince. Shugaban kuwa Dobri ne, wanda muka binne kwana ashirin da takwas ke nan. Tsohuwar takardarmu za ta mutu ran Juma'a. Manaja ya ce wanda ba shi da sabuwa ya zauna gida, akwai direbobin haya a ƙofa. Ni da shekara hamsin da tara, in aka zaunar da ni ba mai sake kirana.

Ke ce mai kula da abin a babban ofis. Ki danna mana.

Kawunki,
Zahari

Sofia, Talata

Kawu,

Na gaishe ka da Inna. Ka ce mata hoton ne ya rame.

Da zan iya da tuni na danna. Izinina ya tsaya kan loda darussa da buɗe rukunoni. Mambobin kowane rukuni da shugabansa suna hannun reshe, don kada mu da ke nan mu tabbatar wa wanda ba mu taɓa ganin tuƙinsa ba. Shugaba ɗaya ne a kowane rukuni, ba a sa sabo sai an cire tsoho. Na duba, mai wannan izini a Plovdiv ita ce Nevena ta ofishin ma'aikata. Aikin minti biyu ne. Me ya hana ku tambaye ta?

Taka,
Tsvetelina

Plovdiv, Laraba

Tsveti,

Gaisuwa. Ashe boko yana sa mantuwa. Nevena matar Dobri ce, a bikinsu kika ɓata rigarki da miya. Kuma kin san ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in. Rigar aikinsa tana nan a rataye, kofinsa ma ba wanda ya ɗauke. Mataimakinsa Plamen ne zai gaje shi, amma ya ce gara a kore shi da ya je ya ce wa mai takaba ta goge mijinta.

Jiya na je har ƙofar ofishinta. Ta ce, "Zahari, shigo mana, ka tsaya kamar mai gadi." Na ce biro na zo aro. Na fito da biro.

Wallahi tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron. Na tura mata wasiƙunmu duka, tunda bakina ya gaza.

Kawunki,
Zahari

Plovdiv, Alhamis

Tsvetelina,

Ina gaishe ki. Na karanta abin da kawunki ya turo. Da sun faɗa mini tun farko, da ba a kai yau ba. Dobri ba zai yarda mutanensa su zauna gida saboda shi ba.

Na cire shi da safen nan. Manhajar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na sa Plamen, ya amince wa duka shidan, takardu sun fito.

Sai dai sunan Dobri ya koma rukunin tsofaffin ma'aikata, ni kuma ba ni da izinin buɗe wannan. Kullum da safe shafinsa nake fara buɗewa, akwai hotonsa da hular aiki. In akwai izinin da ake ba mutum ya gani kawai, ba ya taɓa ba, shi nake roƙo, ko da na kwana taran da suka rage kafin arba'in ne.

Na gode,
Nevena