Kada A Sa Ni A Waƙa

Da sunan Allah. Ni Tchima, uwar Aissa da Saadatou da Kader, na rubuta wannan a gidana na unguwar Glenwood, a nan ƙasar Turawa. Ciwo ya ci jiki, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce magani ne ke magana.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya tsara. Turmin da na taho da shi daga Damagaram na riga na ba Aissa, ita kaɗai ke daka a cikinku.

Na biyu. Kader, da kai nake. Tun da ka auri Lucia ka ɗauki tsofaffin waƙoƙin kakanninta na Scotland ka ɗora a ka. Ban ga laifin yarinyar ba, ta fi ka kunya. Na sa Aissa ta fassara mini su, na ji abin da ke ciki: saurayi ya nutse a teku, budurwa ta mutu da baƙin ciki, shi ke nan. Ba sallar gawa, ba ɗan'uwa ko ɗaya da ya zo gaisuwa. Mutane sun mutu tun zamanin kaka da kakanni, har yau ba a bar su sun huta ba. Na ce to, gawarsu ce, su suka sani.

Sai mijin Saadatou ya rasu a hatsarin mota. Tana cikin takaba, ko kwalli ba ta sawa, ka ɗauki gogen Turawa ka je gidan shan kofi a Elm Street, ka rera mutuwarsa da salon waɗancan waƙoƙin. Da sunanta a ciki. Har yadda ta rungume rigarsa a asibiti, abin da mu 'yan gida kawai muka gani. Baƙi suna kurɓar kofi suna share hawaye, suka tafa maka. A waya Saadatou ta gani, wata ce ta turo mata. Tir da wannan aiki. Ka ce ta'aziyya ce. Ta'aziyya a ɗaki ake yin ta, a durƙushe, kuma ba a tafa mata.

Na uku. Saadatou, gaskiya taki ce, amma shekara ta zagayo ba ki amsa sallamarsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙanenki wawa ne, ba mugu ba. Shi ma ya yi kukan mijinki, inda ake ajiye kuka ne bai sani ba.

Na huɗu. Kada a sa ni a waƙa, addu'a ta ishe ni. Kader, ka bar gogen a gida, ka je wurin yayarka, ka zauna a ƙasa ka nemi gafararta. In ba ka je ba, kada hannunka ya taɓa makarata. Baƙi su ɗauke ni, tunda baƙi ka ba sirrinmu.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya rufa asirinku. Ku riƙe juna. Saadatou, in ya ƙwanƙwasa ki buɗe. Ina so a ce ɗana ne zai ɗauke ni.