Ni Na Sauya Saitin Bindigar Baba Yakubu

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, domin zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mai walda ne a Barkin Sale, nan Minna. Ƙofa da taga da salansar acaɓa, iyakar sana'ata ke nan. Ina da aboki tun muna yara, bari in kira shi Haruna, wanda har ƙanwata na ba shi da hannuna. Yana cikin ƙungiyar mafarautan wajen Chanchaga. Shugabansu wani dattijo ne, Baba Yakubu, mutumin Kudancin Kaduna, tsohon mai gadin jirgin ƙasa. Aminin marigayi mahaifina ne. Shi Kirista, mu Musulmi, amma shi ya tsaya mini har na koyi sana'a. Bindigarsa irin tsofaffin nan ce na soja, ba ya barin kowa ya taɓa ta, kuma ba a taɓa jin ya yi harbi ya kuskure ba.

Al'adarsu, duk shekara sai a yi gasar harbin ƙwarya, wanda ya ci shi ne shugaba. Kafin ranar ana tattara bindigogi, har da ta Baba, a ajiye a gidan mutum ɗaya, wai kada wani ya yi wa tasa asiri. Bana a gidan Haruna aka ajiye, ni ban sani ba. Sai ga shi a shagona da bindigogi biyu iri ɗaya, an naɗe su da tsumma, baki kawai a waje. Ya ce, "Aboki, duka nawa ne. Ɗan ƙarfen saitin nan na kan baki za ka cire, na wannan ka sa wa waccan, na waccan ka sa wa wannan." Na ce, "Kai Haruna, ni ina ruwana da bindiga?" Ya yi dariya ya ce, "Haba suruki, ƙarfe ai ƙarfe ne." Na yi. Ɗaya ya ƙi zama, har sai da na ɗan goge gefensa. Me ya hana ni buɗe tsumman nan? Me ya hana ni tambaya? Wallahi yarda ce kawai.

Ranar gasa ina wurin. Baba ya ɗaga, ya harba, ƙwarya ko motsi. Ya sake, ƙura ta tashi can gefe. Sai wani ya ce, "Tsufa ya zo." Haruna kuwa harbi ɗaya ya fasa ta. Baba ya goge idonsa da bakin riga, ya miƙa wa Haruna hannu, ya ce, "Allah ya riƙa." Ni kuwa, kunya ta ishe ni in faɗa, har da ni a masu ɗaga Haruna sama.

Bayan an kwana biyu Baba ya zo shagona, ya ce in ƙera masa ƙugiya zai rataye bindigar a bango, ya gama da ita. Ya miƙo mini don in auna. Ina dubawa na ga gurbin da na goge da hannuna. Innalillahi! Na yi sauri na auna, na miƙa masa abarsa.

Na sami Haruna a gida na ce, "Ashe abin da ka sa ni ke nan? Baba fa, Haruna!" Ko a jikinsa. Ya ce, "Shekara nawa yana kan kujerar? Mu mu mutu muna bin bayansa? Je ka faɗa. Hannun wa ke jikin ƙarfen? Kana da takardar taɓa bindiga? Kuma ka tuna ƙanwarka a gidana take." Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya! Ya rasa wanda zai yi amfani da shi sai ni, ya rasa wanda zai kayar sai wanda ya riƙe ni kamar ɗa. Wannan cin amana har yanzu yana ci mini rai.

Da abin ya tsaya a kan shugabanci, wataƙila da na haɗiye. To Baba ya yarda idonsa ne ya lalace. An duba shi a asibiti an ce lafiya lau, ya ce ƙarya ne, bindigarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Yanzu an yi masa kwatancen wani mai maganin gargajiya a hanyar Bida, bayan Gidan Kwano, mai sa allura a ido wai yana kwantar da yanar ido. Na san mutumin da ya je can da ido biyu ya dawo ana ja masa sanda.

Jiya Baba ya kira ni a waya. Ya ce, "Ɗana, ran Asabar kai za ka kai ni a babur ɗinka. Yarana ba su yarda ba, kada ka gaya musu. Kai kaɗai na amince wa."

Na ce masa to.

In na buɗe baki, auren ƙanwata da 'yancina suna hannun Haruna, kuma ban san da wane ido Baba zai sake kallona ba. In na yi shiru, ni zan goya dattijo mai lafiyayyen ido in kai shi a tsokane masa. Jama'a, Asabar ta matso. Me zan yi?