Shekarun Umaima

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na saki kan babur don in nuna wa 'yan acaɓan Gaya yadda ɗan siyasa ke ɗaga hannu biyu. Sai ga ni a kwata. Na manta 'yata Umaima na bayana. Ni ƙujewa, ita ta bugu a kwankwaso.

Talata, 7 ga Mayu
Asibiti. Mai ɗaukar hoton ƙashi ya tambayi shekarunta. Layi cike da mutane, na ce biyar. Haka nake faɗa a majalisa, wai Tsohuwar gidana, wato Umaima, ta ƙi ƙara shekara don kada a aike ta, a yi ta dariya. To wa zai ce sha ɗaya, yarinya da kyar ta wuce sirdin babur? Ya duba ya ce babu karaya, ƙashi daidai na 'yar biyar. Ni da na tsaya a aji huɗu, yau har inji ya bi ni salla.

Laraba, 8 ga Mayu
Na ba uwarta Hure labari ina dariya. Ta ce, "Malam, sati ɗaya muka haihu da Hanne. Ɗanta Badaru huɗa yake da shanu a Toranke." Na ce to a ɗaura wa taki garma. Ban ga tuwo ba.

Alhamis, 23 ga Mayu
Hure ta ja mu Kano, ta faɗi sha ɗaya tun ban buɗe baki ba. Likita, mace ce, ta ɗora hoton a fitila ta daɗe tana kallo. Kan ƙashin cinya a warwatse kamar tsaki. A wuyan hannu, ƙananan ƙasusuwan da ya kamata su fito tuntuni ba su fito ba. Aka auna jini. Wai wani abu ne a wuya, inda maƙoƙo ke fitowa, shi ke tura jiki ya girma, nata barci yake. Na ce ubanta ta gado.
Likita ta ce, "Baba, ka gama?"
Jin sanyin nan, yawan barcin, kumburin fuskar da nake kwaikwaya wa mutane, duk shi ne. Ƙwaya ɗaya kowace safiya. Tsayi zai iya zuwa. Hure ta ce karatu fa?
Likita ta ce, "Da an kawo ta da wuri."

Asabar, 1 ga Yuni
Umaima tana haɗiye ƙwayar ba gardama. Da ma ba ta taɓa yi min gardama ba.

Juma'a, 7 ga Yuni
Maiwada mai shayi ya ce, "Ina Tsohuwa, har yanzu biyar?" Aka jira ni. Na ce haƙori ke damuna.
Da yamma na tambayi Umaima shekarunta, ta ce, "Biyar. Kai ka ce."
Shekara shida na cinye mata. A majalisar na ci, can zan mayar, da bakina, gaban Maiwada. Gobe. Ko jibi.