Dillalin Hayaƙi

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya tarin nan naka? Yaya Inna da mutanen Fagge?

Ni lafiya lau nake. Sanyin Holan ya farfasa mini hannu, amma man kaɗanyar da Maman Angel ta aiko daga Sabon Gari yana taimakawa. A yi mata godiya.

Na ji kana gaya wa abokanka 'yan atamfa wai Raudha ta tafi Turai karatun hayaƙi. Gaskiyarka, Baba! Iskar kabon ta cikin hayaƙi muke kamawa, mu haɗa ta da wata iskar su zama metanol, sinadarin da ake yin fenti da shi. Su biyun ba sa shiri sai an sa garin tagulla a tsakani. Shi ke sasanta su, ya fito yadda ya shiga. Dillali ne, irinka.

Sai dai nawa dillalin rago ne, awa uku yake yi ya kwanta. Wata takwas ina fama, kuma malamata ta ba ni wa'adin gyara shi zuwa Babbar Salla. Kada Inna ta ji. Ina cin abinci.

Jiya ya kai awa biyar, na ga ɗigo shida na metanol a kwalba. Ban san sanda na ce "Allah ya amfana!" da ƙarfi ba, yadda kake rufe ciniki.

Ka sa ni a addu'a. Kuma ka gaya mini: shekara talatin tsakanin mai saye da mai sayarwa, yaya ka yi ba ka gaji ba?

'Yarka,
Raudha