Guɗa Saboda Matuƙiyar Kumbo

Yaya Tahiru,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inno, ya mutanen Birni? Ina lafiya a Liyon, nan Faransa, sai kaɗaici, shi ma da sauƙi.

Jiya aka fara sabon zangon fim ɗin kumbon nan da muke kallo a tele. Cikin 'yan lakwal, ɗalibai 'yan'uwana, na kalla, kowa tsit. Da matuƙiyar da muka zaci ta mutu ta fito da ranta, sai na rangaɗa guɗa. Turawa suka firgita, sannan dariya ta ɓarke. Maƙwabciyata da ba ta taɓa kula ni ba ta ce in koya mata.

Ka gaya wa Inno addu'ar da take yi wa matuƙiyar ta karɓu. Ta riƙa sa ni ciki.

Ƙanwarka,
Zuwaira