Baba a Zauren Yara

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto a takarda na ba direba, domin idan ta waya ce, "na gani" kawai za ka ce.

Ranar Talata da safe na shiga ɗakin Baba da ruwan wanka, na tarar ya kifa wayarsa a kan katifa, ya danne ta da filo. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye, wayar nan ce makarantarsa. Kafin ka raba zauren hirar danginmu na waya gida uku, na manya, na matasa da na yara, muryar 'yarka Mai Giɓi ce ke tashinsa kullum: "Tsoho, ka sha magani ko sai na zo da bulala?" Sai ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da "zo". Likita ya ce kokawar nan ita ce maganin.

Yanzu ka kai shi zauren manya. Ni nake danna masa saƙonnin kafin in tafi shago, na san abin da ke ciki. Wane ya rasu. Wance tana asibiti. Kawu ya turo hoton kumburin ƙafarsa. A safiyar Talatar rasuwar abokinsa mai gyaran agogo ya ji, kuma kowa sai ya sake turo ta, kamar mutumin ƙara mutuwa yake yi. Tun daga nan bai ce uffan ba. Abinci ma sai Inna ta yi da gaske.

Ba na ja da tsarinka. Roƙona ka mayar da shi inda yaran suke.

Ƙaninka mai walda.

*

Ƙanina,

Na samu takardarka, ina amsa gaisuwa. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Ba don jin daɗi na raba zauren ba. Ka manta ranar da samarinku suka ɗora wa hoton Gwaggo kunnuwan zomo, ta kira ni tana kuka, ta ce ko a raba ko ta fita? Ka manta Kawu ya turo hoton haɗarin mota, Mai Giɓi ta kwana tana firgita? Shi ya sa kowa ya koma cikin sa'anninsa, na kuma damƙa wa Gwaggo kula da zauren yara. Idan na buɗe wa Baba ƙofa, gobe Kawu zai ce shi ma, da hotunansa.

Zan sa yarinyar ta riƙa kiransa ranar da babu makaranta. Ka yi haƙuri.

Yayanka.

*

Ƙanina,

Gaisuwa a taƙaice. Yau na ga lambar Baba a zauren yara, an rubuta masa shekara huɗu. Wannan wasa da mahaifinmu ne, kuma raini ne gare ni. Ban san dabarar da ka yi ba, amma kai kaɗai ka nemi haka. Na cire ka daga zauren matasa. Shi ma zan cire shi daga can da zarar na ji daga bakinka. Ina jira.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma amsa hukunci. Amma ni da ko lambar kwastoma sai an adana mini, ina zan iya wannan aiki?

Gwaggo ce. Ta zo dubiya da safe ta tarar Inna na bin Baba da cokali, ya juya wa bango fuska. Ta ɗaga filo ta ga wayar, ta ce in danna mata. Saƙo na farko rasuwa, na biyu ma rasuwa. Ta ce, "Kashe, ɗan nan." Ta zauna tana kallon ɗan'uwanta. Can ta ciro tata wayar ta ce, "Mutumin da ake ba abinci a baki, yana koyon magana, a wane zaure ya kamata ya zauna?" Na ce Yaya fa zai yi faɗa. Ta ce, "Yayan naka ni na yi masa wankan farko. Shekara nawa zan sa wa wannan jaririn?" Inna ta ce huɗu ta isa.

Ba a jima ba saƙon Mai Giɓi ya shigo: "Kai, wa ya kawo mana tsoho ajinmu? Sabon ɗalibi, faɗi sunanka!"

Yaya, na ga leɓensa yana rawa. Ya daɗe yana fama, gumi har wuya. Sannan ya ce, "Ke... giɓi." Kalma biyu a jere, karo na farko tun da ya kwanta. Gwaggo ta yi dariya har ta koma kuka. Shi kuma ya buɗe baki da kansa, Inna ta zuba cokali.

Ni ka bar ni a waje, ba komai, samarin nan dama sun ishe ni da ƙwallo. Shi dai kada ka taɓa shi sai ka ji daga wasu. Ba ni kaɗai na gani ba. Inna na wurin, da mai kawo mana ruwa da ya tsaya a bakin ƙofa da jarka a hannu, da Gwaggo, wadda ta ce ka kira ta idan ka isa.

Ƙaninka mai walda.